Baba da Ya Ɗaure Jirgin Soja da Igiyar Akuya

Ranar Asabar muka binne Baba, da hantsi, bayan ruwan safe ya ɗauke. Surukina ne, uban mijina, kakan 'ya'yana biyu. Ba zan rubuta sunansa ba. Shekara shida ina gidansa ban taɓa kiran sunan da baki ba, hannuna ma ba zai yarda ba.

Jama'a sun zo don kuka ne, kuma sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Matan zumunta na majami'a sun taso da waƙa tun daga bakin rafi. 'Ya'yansa mata da ke aure a wasu ƙauyuka suka zube a ƙofar ɗakinsa suna kiransa. Amma da zarar mutum ya share ido ya sami benci ya zauna, sai ka ga ya karkata wajen na kusa da shi ya ce, "Kana nan ranar igiya?" Shi ke nan, sai kafaɗu biyu su kama rawa. Fasto ma bai tsira ba. Yana cikin wa'azi ya ce dattijon nan bai ji tsoron kowa ba sai Ubangiji, wani daga baya ya ce, "Ko jirgi!" Fasto ya rufe fuska da hankici ya daɗe. Baƙi sun ɗauka kuka yake yi.

Ana shirin ɗaukar akwati sai wani ƙaton mutum mai tumbi ya sauko daga motar citta, da wani abu naɗe a takarda a hammatarsa. Ya ratsa mutane har gaban akwatin, ya buga ƙafa, ya ƙame, ya sara.

"Baba," ya ce, "fursunanka ya dawo."

Ya warware takardar. Igiya ce ta rama, ta yi baƙi da man inji. Tsofaffin da ke wurin suka fashe da dariya da hawaye a lokaci guda. 'Yata ta fari, mai shekara biyar, ta ja zanena ta ce, "Mama, Kaka ya mutu, me ya sa suke dariya?" Ban iya ba ta amsa a wurin ba. Shi ya sa na ɗauki ragowar littafin rubutun babanta. Aji uku kawai na yi a makaranta, amma ina wurin ranar, ita ma tana wurin, a bayana.

Ni 'yar Kafanchan ce. A layin ma'aikatan reluwe na girma, na san kukan kowane jirgin ƙasa, amma ban san bambancin acca da ciyawa ba. Mijina ya kawo ni ƙauyensu a ƙasar Kagoma, ya koma bakin aiki a gari, sai Asabar-Asabar yake zuwa a keke. Yaren gidan ban iya ba sai gaisuwa. Baba ne kaɗai ke zama ya yi hira da ni, da Hausar da ya koyo yana saurayi a ramin kuza a Jos. Shi ya sa mini suna 'Yar tasha.

Ni mace ce mai fargaba, haka aka halicce ni. In yarinya ta yi atishawa sau biyu, na riga na ɗaura zane zan tafi ɗakin magani. In ta daɗe tana barci sai in tashe ta in ga ko tana numfashi, in ta farka da kuka kuma in ce ciwo ne. Baba yana zaune a kan wani fasasshen turmi a gindin mangwaro, rama a cinya, yana tufka igiya. Aikinsa ke nan in ba ya gona. Ba ya ko ɗaga kai, sai ya ce, "Zauna tukuna, 'Yar tasha." Haka yake gaya wa kowa. Mai kawo ƙara, zauna tukuna. Wanda kunama ta harba, zauna tukuna. Shi kansa ya iya zama. A majami'a yakan yi barci a tsakiyar wa'azi, ya farka ya ce "Amin" da ƙarfi ko da ba wurin amin ba ne. Wata Lahadi Fasto ya tambaya, "Wane ne a cikinku yake so ya shiga wuta?" Daidai nan Baba ya farka.

Akwai wata acca a gidanmu da ake kira accar Mama. Marigayiya matar Baba, wadda ta rasu kafin a kawo ni, ita ta zo da irin a ƙullin zane ranar aurenta, daga ƙauyensu na kan dutse. Ba ta da yawan tsaba, amma tana nuna da wuri, a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, dawa ba ta kai ba, doya ba ta kai ba. Wata guda cur da ita gidan yake rayuwa. Maƙwabta sukan zo su ci amma ba sa shuka ta, wai tsuntsu ya cika son ta. Mutanen ƙauyen Mama kuwa sun daɗe da saukowa daga dutse sun watse. A iya saninmu, irin da ya rage a duniya tukunya biyu ne, a rumbun Baba.

In ruwa ya ɗauke, ana fito da irin a shanya shi rana ɗaya a kan falalen dutse bayan gari, sannan a mai da shi tukunya da toka a liƙe baki. Aikin matar gida ne. Tun rasuwar Mama, Baba ke yi da kansa. A shekarata ta biyu a gidan, shekara ta uku ke nan da motoci suka koma bin hannun dama, sai ya ce ni zan yi.

Ƙanensa, da muke kira Baba Ƙarami, gidanmu ɗaya da shi, bai ji daɗi ba.

"Za ka ba 'yar gari irin gida? Wannan da ko kaza ta yi tari sai ta firgita?"

"Shi ya sa," in ji Baba. "Mai tsoro ba ta barci a bakin shanya."

Na share dutsen sau uku. Na baza accar siriri-siriri yadda ya nuna mini, na zauna da reshe a hannu ina korar tsuntsaye, yarinya a baya. Rana ta take tsaka sai na ji ƙara. Ba jirgin ƙasa ba ne, wannan na sani. Fat-fat-fat yake yi, sai ya yi tari, sai ya ci gaba. Na ɗaga kai na gan shi ya ɓullo ta bayan tudu, ƙasa-ƙasa, kore, baƙin hayaƙi na bin gefensa. Jirgin soja ne, mai saukar ungulu. Duk wanda ya yi wayo lokacin yaƙi ya ji labarin abin da jirgin soja ke saki daga sama.

Ina so 'yata ta san gaskiya: na yi tunanin accar. Na kama tsintsiya, na yi shara ɗaya. Sai iska ta buge ni, yarinya ta tsala ihu. Na jefar da tsintsiya na ruga. A gindin ɗorawar da ke bakin dutsen na juyo da ita gaba, na kwanta a kanta. Ta tsakanin yatsuna na ga accar Mama ta tashi sama gaba ɗaya kamar hayaƙi, tukunya biyu. Sannan ta fara sauka kamar yayyafi, a ciyawa, a wuyana, a gashin yarinya. Jirgin ya dira a tsakiyar shanyata, ya yi tsalle ɗaya kamar kwaɗo, ya zauna. Fuka-fukansa suka yi ta juyawa a hankali har suka gaji.

Mutum biyu suka fito. Ɗaya siririn saurayi ne, shi ne matuƙi. Ya cire hular kwano, ya so ya kunna taba, ashana uku ta mutu. Ɗayan shi ne mai tumbin nan da ya zo jana'iza, lokacin tumbin bai kai haka ba. Saje ne, makaniken jirgin, mai ya jiƙa masa riga. Ya durƙusa ya shafa dutsen da tafin hannu.

"Sannu, ƙasa," ya ce da Hausar bariki. "Mun yi kewarki." Ya juya wajen matuƙin. "Oga, sauka na ce ka yi, ban ce ka yi rawa ba. Duba mini, haƙorana sun cika?"

"Saje, da ka ɗaure bututun nan yadda kake ɗaure bakin buhun garinka, da yanzu muna Jos."

"Gari nawa ne, Oga. Bututu na gwamnati ne."

Suka kama dariya har suka jingina da jirgin. Na ce mahaukata ne. Daga baya Saje ya gaya mini in ba su yi dariyar nan ba, ƙafa ba za ta yarda ta sake hawa ba.

Mutanen gari sun fara gudu zuwa daji, da suka ji shiru suka juyo. Baba Ƙarami ne ya fara isowa inda nake. Ya dubi dutsen, fes kamar an wanke.

"Ina irin?"

Na nuna masa ciyawa.

"Na faɗa!" Ya ɗaga murya don kowa ya ji, da Hausa kuma, don ni ma in ji. "Ta gudu ta bar irin gida! A mai da ita gidan ubanta ta je ta yi gadin jirgin ƙasa!"

A zuciyata na riga na shirya akwatina. Ina ganin damina mai zuwa, yaran gida suna lashe kwano, kowa yana kallona.

Sai ga Baba yana tafe a hankali, doguwar igiyar turke a kafaɗa, sabuwa, wadda ya gama tufkawa da safen nan.

"Zauna tukuna," ya ce wa ƙanensa. "Ka ce ta gudu. Da me ta gudu?"

"Da me kuwa? Da yarinya mana!"

"To, ta ɗauki irin da ya fi wuyar samu."

Ya wuce mu, ya wuce sojojin bai gaishe su ba. Ya zagaya jirgin sau ɗaya, ya leƙa ƙarƙashinsa yadda ake duba akuya a kasuwa. Sannan ya sunkuya ya ɗaure igiyar a ƙafar gaba, ya ja ɗaya bakin zuwa gindin ɗorawa, ya ɗaure, ya fizga ya ga ta kamu.

A ƙasar nan haka ake yi. In dabba ta shiga gona ko shanya ta yi ɓarna, ba a dukanta, ba a zagin mai tsaro. Ana ɗaure ta a inda ta yi ɓarnar, kowa ya gani, sai mai ita ya zo. Da igiyar nan ta kamu, duk wanda ke wurin ya gane abin da Baba ya ce: laifin na dabba ne. Ni ma, da ban iya yarensu ba, na gane.

Matuƙin ya matso. "Baba, me kake yi?"

"Dabbarku ta shiga shanya."

"Wannan fa jirgin gwamnati ne."

"To, gwamnati ta zo mu yi magana."

Fasto ya raɓo ya raɗa masa, "Baba, sojoji ne fa. Akwai bindiga."

"Na gani. Igiyata ma sabuwa ce."

Saje ya je ya tsuguna a gaban ƙullin, ya taɓa, ya yi fito. "Oga, zo ka ga ɗauri. Da tsohon nan ne makanikenmu, da ba mu faɗo ba."

"Kai ne makaniken, Saje."

"Shi ya sa na faɗa." Ya ɗago kai. "Amma Baba, akuyar nan ba ta cin acca. Kananzir take sha."

"Ban ce ta ci ba. Watsarwa ta yi. Abin da kuke ba ta kuwa, tsakaninku ne da ita."

Matuƙin ya hau jirgi ya kama magana da Turanci a rediyo, Saje ya tsaya a ƙofa yana juya mana da ƙarfi. "Ya ce mun sauka lafiya, bututun mai ya fashe. Ya ce amma an kama mu. Suna tambaya mutum nawa. Ya ce mutum ɗaya. Suna tambaya wane makami. Ya ce igiya." Ya kasa kunne. "Sun yi shiru. Yawwa, yanzu suna tambaya ko Oga ya bugu a ka."

Aka ce sabon bututu zai biyo jirgin ƙasa zuwa Kafanchan, sai jibi zai iso. Matuƙin ya sauko ya tambayi Baba me dokar ta ce, yana sa hannu a aljihu.

"Mai da hannunka," in ji Baba. "Takarda ba ta tsiro." Ya lissafa masa: mai dabba zai gyara ɓarna da hannunsa, ya ci tuwo a kwano ɗaya da mai gida, sannan mai tsaron shanya ta kwance igiya. In ta ce ba ta yafe ba, dabba na nan. Ya nuna ni da leɓe.

Saje ya cire hula ya rusuna mini. "Ranki ya daɗe, Alƙali. A duba mana, muna da iyali."

Kwana biyu sojojin sama biyu suna rarrafe a kan dutse da tsintsiya da gashin kaza, suna tonon acca daga tsaga. Ƙwayar acca ba ta kai kan allura ba. Saje ya ɗora guda a farcensa ya daɗe yana kallo. "Wannan abinci ne ko ƙura? Wane mai ido ne ya fara ganinta har ya ce a ci?" A hular matuƙin suke tarawa. Da suka zo shiƙa, Saje ya juya fuska wajen iska, ƙaiƙayi ya cika masa baki, matan gari suka yi ta guɗa. Ni na nuna musu yadda ake tsayawa. Wannan ne karo na farko da na koya wa wani wani abu a garin nan.

A rana ta biyu na kai musu kunu. Yarinya ta miƙa hannu ta kama maɓallin rigar matuƙin, shi kuma ya bar ta. Ya ce, ba da wasa ba, "Madam, na gan ki daga sama. Babu wani fili sai dutsen nan, ga ki a tsakiya da goyo, kina shara. Na riƙe jirgin a sama da addu'a har kika kauce. Da kin tsaya kwashe accar nan, ban san inda zan sa shi ba."

Baba yana kusa. Ya aika aka kira Baba Ƙarami, ya ce wa matuƙin, "Ɗana, kunnena ya tsufa. Sake faɗa." Ya sake. Baba Ƙarami ya ce ai shi bai ce kome ba. Amma da aka gama aiki, ya leƙa hular, ba ta ma cika ba, rabi kuma yashi ne, ya ce, "Wannan ko faɗin tabarma ba zai shuka ba." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi.

Bututu ya iso, Saje ya ɗaura. Suka zauna da Baba a kwano ɗaya, tuwon dawa da miyar karkashi. Saje ya ja miyar ta biyo hannunsa har gwiwar hannu, ya ce da sun san da ita da ba su jira mai daga Kaduna ba. Ana cikin ci Baba ya tambayi matuƙin, "In za ka tashi, ina iskarka ke zuwa?"

"Ko'ina, Baba."

"Mai shiƙa ma iska ko'ina take zuwa mata, amma ta san inda take juya baya. Accar nan ba ta ɓace ba, tana cikin ciyawa. In ka tashi, kada ka bi ta rafi. Ka karkata gabas, ƙasa-ƙasa, ka kora mini ita cikin saurata, gonar da na bari ta huta. Sau biyu."

"Baba, tuƙi aka koya mini. Ba a koya mini shuka ba."

"Ba laifinka ba ne, ɗana."

Lokacin kwance igiya ya yi. Duk gari ya taru. Ina zaune can baya, don ni ko kusa da jirgin ban taɓa zuwa ba, kunun ma daga nesa nake ajiyewa. Baba ya waiwayo. A shekara shida, ranar ce kaɗai ya ce mini, "Tashi, 'Yar tasha."

Na tashi. Na gyara goyo na taka dutsen. Warin kananzir ya cika mini hanci, fuka-fukan nan suna lilo a bisa kaina. Ƙullin ya ƙi. Na sa farce, na sa haƙori, ba wanda ya zo ya taimake ni, don ba a taimakawa. Da ya saki, sai na ji ƙafa huɗu sun bugi dutse. Na ɗago, ga su biyu a ƙame suna sara mini.

"An sallame mu, Oga," in ji Saje ta gefen baki. "Kada ka sake."

Baba ya naɗe igiyar ya miƙa musu. "Ku tafi da ita. In ta sake shiga gonar wani, kada ya sha wahalar neman igiya."

Suka tashi. Matuƙin ya yi yadda aka ce, ya karkata gabas, ya wuce ƙasa-ƙasa har ciyawa ta kwanta, ya zagayo ya sake. Saje ya leƙo yana kaɗa mana igiya.

Rigimar Baba da ƙanensa kuwa da rani ta zo. Lokacin farauta ya yi, Baba Ƙarami da mutanensa suka zo da wuta za su ƙona ciyawar gabas, don nan gafiya ta fi yawa. Suka tarar Baba ya mirgino fasasshen turminsa har tsakiyar ciyawar, yana zaune yana tufka.

"Tashi, za mu sa wuta."

"Ku sa."

"Saboda ƙurar da tsuntsu ya riga ya cinye za ka hana gari nama?"

"In tsuntsu ya cinye, ka ci gaskiya. In wuta ta cinye, ba wanda zai san mai gaskiya."

Ba su ƙona ba, amma 'yan'uwan nan biyu ba su sake cin tuwo tare ba har Ista. Ni kuwa ranin nan duka, kowace safiya sai na je na tsaya a bakin saura ina kallon busasshiyar ƙasa. Kowane tsuntsu da ya sauka, sai in ji kamar a cikina yake tsattsaga.

Ruwan fari ya sauka, ba kome. Na biyu ya sauka, ba kome. Bayan na uku na je na tarar ƙasa ta yi kore-kore kamar gashin jariri. Ban san ko acca ce ko ciyawa ba. Na ruga gida, Baba ya ce in zauna tukuna, na ce yau kam ba zan zauna ba. Ya biyo ni. Ya durƙusa ya tsinki ɗaya, ya duba, ya sa a baki ya tauna. Ya daɗe.

"Ashe gwamnati ta iya shuka," ya ce.

Ta fito a saura, ta fito a tsagar dutse, ta fito a kan jinkar rumbun maƙwabci, har bayan majami'a. Wani wuri cunkus, wani wuri fayau, shukar wanda bai taɓa riƙe ƙwarya ba. Muka haɗa da ta cikin hula. Ba zan ce mun ƙoshi a daminar nan ba. Baba ya ce iri tukuna, ciki daga baya, muka cika watan da ganye da rogo. Amma tukunya ɗaya da rabi ta koma rumbu, shekara ta gaba biyu suka cika. Ranar yanka, Baba Ƙarami ya fito da laujensa ba wanda ya kira shi. Da yamma ya aiko mini da ƙwan zabi shida. A wurin jana'iza shi ya fi kowa kuka, shi ya kuma fi kowa ba da labarin igiya, har wani baƙo ya tambaye ni ko shi ne ya riƙe ɗaya bakin.

Da ciwon ajali ya zo bana, Baba bai daɗe a kwance ba, kwana biyar ne. Na shigo da gudu da magani a hannu, ya ce, "Zauna tukuna." Na zauna. Ya tambaya ko accar Mama ta nuna. Na je na tsinko masa kai ɗaya, ya murza a tafin hannu, ya hura, ya tauna. Ya ce, "Ta yi." Da la'asar ya tafi. Ubangiji ya ba shi wurin zama mai inuwa, shi da ya zaunar da mu duka.

Mijina ne ya aika wa Saje saƙo ta hannun wani mai gadin jirgin ƙasa. Bayan an dawo daga kabari, Saje ya zauna da ƙwaryar kunun acca, ya ce shi ya shuka, don haka a ƙara masa. Ya ba mu labari cewa tun daga ranar, Akuya suke kiran jirgin nan. Igiyar tana rataye a bayan kujerar matuƙi, duk sabon matuƙin da ya sauka da tsalle sai ya yini da ita a wuya. Ya ce Oga ya zama babba yanzu, bai sami zuwa ba, amma ya ce a gaya wa Baba bai sake shiga shanyar kowa ba. Akuyar ma ta tsufa, an ajiye ta.

Wasu suka ce da an sa igiyar a kabari. Saje ya ce a'a. Ya miƙo mini da hannu biyu. "Alƙali, ke kika kwance, ke za ki ajiye."

In ruwa ya ɗauke bana, ni zan fito da irin, ba kowa a kan turmi. Tun yanzu, ko shirwa ta gifta sai na ɗaga kai. 'Yata za ta zauna kusa da ni da nata reshen, ƙanenta a bayana. Igiyar tana rataye a bakin rumbu, da ita zan tafi dutse. In wani abu ya sake saukowa daga sama, na san abin da zan fara ɗauka, na kuma san abin da zan ɗaure.